Goge kukis, hana hotuna ko canza akwatin imel: wanne ya kamata ka ɗauka?

Yawancinmu nan Damagaram ba don hira muke buɗe imel ba, WhatsApp ya riga ya cinye wannan fagen. Imel na neman aikin ONG ne, da tura dosiyen burs ko na konkur, sai 'yan kasuwa masu sayo kaya daga Sin ko Dubai. To amma da ka ba da adireshinka wuri biyu uku sai saƙonnin talla su fara zuba, ka danna ɗaya don ganin farashin batirin sola, washegari batirin nan ya bi ka Facebook ya bi ka YouTube. Daga nan sai shawarwari su yi yawa, wani ya ce goge kukis, wani ya ce sauke manhaja kaza, wani ya ce ai Gmail ɗin ne gaba ɗaya za ka bari. Kowanne da gaskiyarsa, sai dai ba ƙofa ɗaya suke rufewa ba, shi ya sa kafin a zaɓa ya kamata a san ta ina ake shigowa.

Hanyoyin uku ne. Ta farko ɗan hoto ne da ake ɓoyewa cikin saƙon, ɗigo ɗaya ne ido ba ya ganinsa, kuma ba a cikin saƙon yake zaune ba, yana can a kwamfutar mai aikowa. Da ka buɗe saƙon wayarka za ta je ta ɗauko shi, shi kenan sun san ka buɗe, sun san ƙarfe nawa. A 2021 kamfanin imel na Hey ya duba wa BBC saƙonnin da ke shigo wa mutanensa, ya tarar kashi biyu cikin uku suna ɗauke da irin wannan hoton. Ta biyu linki ne. In ka danna yatsa ka riƙe a kan maɓallin da ke cikin saƙon za ka ga ainihin adireshin, sau da yawa ba na shagon ba ne, wani dogon abu ne mai list-manage.com ko sendgrid.net, ko kuma a wutsiyarsa ka ga utm_source da mc_eid da tarin lambobi, to cikin lambobin nan akwai wadda taka ce kai kaɗai. Ta uku ita ce kukis, kuma sai ka danna linkin shafin ya buɗe sannan ake ajiye su a burawuzarka. Kamar tikitin da mai gadin babura yake ba ka a ƙofar kasuwa ne, lamba ce kawai, amma duk ran da ka dawo da ita ya san kai ne.

Abin da ya sa na tsaya kan wannan: in Gmail kake amfani da shi, buɗe saƙo kaɗai ba ya ajiye maka kukis. Tun Disamba 2013 Google ke bi da hotunan ta kwamfutocinsa kafin su iso gare ka, saboda haka mai aikowa ba ya ganin lambar IP ɗinka (lambar da ake gane haɗin intanet ɗinka da ita) kuma ba ya iya sa kukis ta hoton, amma fa har yanzu yana iya sanin ka buɗe. Kenan wanda yake goge kukis safe da yamma bai taɓa hoton nan ba ko kaɗan, wanda kuma ya hana hotuna amma yana danna kowane linki, shi ma an gudu ba a tsira ba.

Ma'aunin da zan auna kowace hanya da shi guda biyar ne: wacce ƙofa take rufewa cikin ukun nan, nawa take ci (kuɗi, da mega, da wuri a waya, don Itel ko Tecno mai ƙaramin ciki ba ya ɗaukar manhaja barkatai), shin sau ɗaya ake yi ko kullum sai an maimaita, sauƙinta ga wanda ba gwani ba, sai haɗarinta. Na ƙarshen nan a wurinmu shi ne babba, za ka ga dalili.

1. Nemo kukis a Chrome ka goge da hannunka

Mafi yawan wayoyinmu da Faransanci suke, don haka zan faɗi sunayen yadda suke a ekran. A Chrome na Android ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga Paramètres, sai Paramètres des sites, sai Tous les sites. Nan za ka ga jerin duk shafukan da suka ajiye wani abu a wayarka, kuma wallahi ranar farko sai ka riƙe baki, don rabinsu ba ka taɓa jin sunansu ba balle ka ziyarce su. Irin su doubleclick.net, wannan na tallan Google ne, da na kamfanonin da ke tura wa shaguna saƙonninsu. Ka taɓa sunan da kake so, ka goge bayanansa shi kaɗai, sauran su zauna lafiya. A kwamfuta ya fi daɗi, ka rubuta chrome://settings/content/all a wurin adireshi, akwai akwatin nema, ka rubuta sunan shagon da ya dame ka ka goge.

In kuma share fage kake so gaba ɗaya, ɗigo uku, ka zaɓi goge bayanan yawo, ka sa alama kan Cookies et données des sites, ka zaɓi tsawon lokacin. A kwamfuta Ctrl da Maj da Suppr tare suna buɗe wurin kai tsaye. Wannan zaɓin lokacin mutane ba su cika lura da shi ba alhali shi ne mafi amfani, in yanzu ka danna linkin talla sai ka goge na sa'a ɗaya da ta wuce kawai, ba sai ka rushe komai ba.

Kuɗi babu, mega babu. Ɗorewa kuwa babu ita ko kaɗan, gobe ka danna wani linkin sabbin kukis sun sauka. In ka bar su kuma suna daɗewa, na Google Analytics mai suna _ga an tsara shi ne ya yi shekara 2 duk da Chrome yanzu ba ya barin kowanne ya wuce kwana 400, na Facebook mai suna _fbp kwana 90. Kuma kada ka jira Chrome ya toshe su da kansa, Google ya yi shekaru yana cewa zai cire kukis na 'yan bin sawu, a Yuli 2024 ya janye maganar. Amma kai kana iya toshe su da hannu a cikin Confidentialité et sécurité, wurin Cookies tiers, kuma ina ganin kowa ya kamata ya yi, minti ɗaya ne.

Yanzu haɗarin. Goge kukis duka yana fitar da kai daga shafukan da ka shiga ta burawuza. Mutum nawa ne a garin nan yaron shagon waya ya buɗe musu Facebook ko Yahoo ran da suka sayi wayar, ya sa kalmar sirrin da shi kansa ya manta kafin la'asar, lambar da aka yi rajista da ita kuma wani tsohon sim ne da ya ɓace ko aka sake sayar wa wani? Irin wannan mutumin kukis ɗin nan ne kaɗai ke riƙe da shi a cikin akawun ɗinsa, ran da ya goge ran nan ƙofa ta rufe, in kuma shafin da ya ajiye dosiyensa ne ana saura kwana biyu a rufe karɓa, to ka ga an yi gyaran gangar auzinawa. Saboda haka kafin ka goge duka ka tabbata ka san kalmar sirrin kowane wuri, ka gwada ta a shafin sirri na Chrome (navigation privée, wanda ba ya amfani da kukis ɗin da ka riga ka tara) ka ga ta shiga, kuma lambar da ke jikin akawun tana hannunka. Manhajoji irin su WhatsApp da Facebook na waya da na tura kuɗi ba ruwansu da kukis na Chrome, su ba za su fita ba.

Af, su manhajojin share waya masu hoton tsintsiya ko roka da ke cewa sun gano kukis dubu, ka rabu da su. Android ba ya barin wata manhaja ta shiga cikin ajiyar Chrome ta goge masa kukis, kuma yawancinsu talla suke nuna maka, su ma bin sawun suke.

2. Hana hotuna buɗewa da kansu

A manhajar Gmail: Paramètres, ka taɓa adireshinka, ka gangara ƙasa wurin Images, ka zaɓi na biyun wanda ke cewa a tambaye ka kafin a nuna hotunan waje. In adireshi biyu gare ka kowanne sai ka yi masa. Yahoo ma yana da irin wannan a saitinsa, Thunderbird na kwamfuta kuwa da haka yake zuwa tun asali.

Wannan ita ce ke kashe ɓoyayyen hoton, in ba a ɗauko shi ba mai aikowa bai san ka buɗe ba. Kyauta ce, sau ɗaya ake yi, har ma tana rage cin mega tunda manyan hotunan talla ba sa sauka, kuma in rezo ya yi rauni saƙo ya fi saurin buɗewa. Ba ta fitar da kai daga ko'ina. Illarta saƙonni za su fito fari fat da akwatuna babu komai, wasu shagunan ma duk saƙonsu hoto ne ba rubutu, sai ka danna a nuna, kuma da ka danna hoton ɓoyen ma ya sauka tare da sauran. Ba ta kuma yin komai game da linki. Duk da haka in aka ce abu ɗaya tak zan zaɓa wa wanda bai iya waya sosai ba, wannan ce.

3. Burawuza ta biyu don linkin imel kawai

Ni a ganina nan maganin kukis yake, ya fi gogewa. In ka danna linki a manhajar Gmail yakan buɗe a wani ɗan shafi cikin Gmail ɗin, amma a ƙarƙashi Chrome ne, kuma kukis ɗinsu ɗaya da Chrome ɗin da kake shiga sauran wurare da shi, ta nan ake haɗa adireshinka da yawonka. To sai ka raba su. Ka sauke Firefox Focus, ka mai da shi burawuzar da waya ke buɗe linki da ita, a Paramètres généraux na Gmail kuma ka cire alamar da ke kan buɗe linki a cikin Gmail. Focus yana toshe 'yan bin sawu da kansa, yana da maɓallin kwandon shara, danna ɗaya komai ya tafi, Chrome ɗinka kuma yana nan da duk wuraren da ka shiga ba abin da ya taɓa su. Brave ko Firefox babba su ma suna yi, Firefox tun 2022 ya fara killace kukis na kowane shafi daban don kada su bi ka wani shafin, sai dai su biyun sun fi nauyi a ƙaramar waya.

Kuɗinta megan saukewa ne da na sabuntawa lokaci lokaci, gara ka yi inda akwai wifi. Matsalar da za ka ci karo da ita, duk linki har na WhatsApp zai riƙa buɗewa a can, kuma in shafin na buƙatar ka shiga da kalmar sirri to kullum sai ka sake rubutawa. In wayar ta cika ba wuri, ka riƙe linkin ka kwafa ka liƙa a shafin sirri na Chrome, da ka rufe shafin kukis ɗin sun tafi, aiki ɗaya ne sai dai wahala. Ka sani kuma lambar nan ta cikin linkin tana nan, shagon zai san kai ne ka danna, abin da ka hana shi ne ya bi ka bayan ka fita.

4. Adireshin duck.com na DuckDuckGo

Wannan kamfanin Amurka ne, ya buɗe wa kowa hidimar a Agusta 2022. Ka sauke manhajarsu ka zaɓi adireshi mai ƙarewa da @duck.com, duk saƙon da aka aiko can za su cire masa abubuwan bin sawun da suka sani sannan su tura shi Gmail ɗinka na da, har su rubuta maka a sama waɗanda suka cire. Abin da ya fi burge ni shi ne kana iya ƙirƙirar adireshin wucin gadi ga kowane shafi, wanda ya fara damunka ka kashe nasa kawai. Amfanin wannan ba ƙarami ba ne, masu bincike a jami'ar Princeton sun tarar kusan kashi 30 cikin 100 na saƙonnin talla da suka gwada suna tsegunta adireshin mai karɓa ga wasu kamfanoni da zarar an buɗe, to in adireshin na wucin gadi ne sai su tafi da shi.

Kyauta ne, yana ɗorewa. Amma bai shafi waɗanda suka riga suka san adireshinka na gaskiya ba, kuma saƙonka na bi ta hannun wani kafin ya iso, su sun ce ba sa ajiyewa, yarda ce kawai. Ni dai ba zan sa shi a CV ko takardar banki ko dosiyen jami'a ba, abin da ke da muhimmanci gara ya zo kai tsaye.

5. Komawa Proton Mail

Proton yana Siwizalan, masana kimiyya da suka haɗu a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ne suka kafa shi a 2014. Yana toshe hotunan bin sawu da kansa ba tare da ka rasa sauran hotunan ba, yana kuma yanke wutsiyar bin sawu a linkunan da ya gane. Na kyauta bai wuce jiga 1 na ajiyar saƙo ba, Gmail kuwa 15 yake bayarwa, mai karɓar takardun PDF da hotunan kaya zai cika shi da wuri. Na kuɗi wajen yuro 5 ne a wata, jaka uku da ɗoriya kenan a sefa, kuma galibi sai da katin banki mai aiki a intanet, wanda ba kowa ke da shi ba.

Wahalarsa ƙaura ce, sai ka bi kowa ka ba shi sabon adireshi, kuma akawun ɗinka na Google ba barinsa za ka yi ba tunda Play Store na buƙatarsa. Haɗarin ma ya fi na kowa: saƙonnin a kulle suke da makullin da ke rataye da kalmar sirrinka, in ka manta ta ba ka kuma ajiye kalmomin ceto da suke bayarwa ba, ko ka dawo da akawun ɗin tsofaffin saƙonnin ba za su karantu ba.

6. Mail na iPhone

Mai iPhone tun iOS 15 na 2021 yana da kariya a manhajar Mail ta Apple, tana ɗauko hotunan da kanta ta wata hanya ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, sai lissafin mai aikowa ya rikice, Safari kuma tun 2020 yake toshe kukis na 'yan bin sawu. Sai dai a manhajar Mail kaɗai take aiki, in Gmail ka sauke a iPhone ɗin ba ta shafe ka ba. Ba wanda zan ce ya sayi iPhone don wannan.

| Hanya | Me take tarewa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Goge kukis a Chrome | kukis da suka riga suka sauka | babu | sai an maimaita | da sauƙi | fita daga akawun |
| Hana hotuna | sanin ka buɗe | babu, tana rage mega | sau ɗaya | mafi sauƙi | saƙo ba kyan gani |
| Burawuza ta biyu | kukis na linki | mega da wuri a waya | sau ɗaya | matsakaici | sake rubuta kalmar sirri |
| duck.com | hoto, wasu linkuna, adireshinka | babu | yana ɗorewa | matsakaici | saƙo na bi ta hannun wani |
| Proton | hoto da wasu linkuna | kyauta ko wajen yuro 5 a wata | yana ɗorewa | ƙaura da wuya | manta kalmar sirri |
| Mail na iPhone | hoto da lambar IP | kuɗin wayar | sau ɗaya | da sauƙi | sai a manhajar Mail |

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Baba ko inna da aka buɗe wa imel ba su san kalmar sirrinsa ba, a hana musu hotuna a toshe Cookies tiers a tsaya nan, kada a goge musu komai sai an fara gyara kalmar sirri da lambar waya. Ɗalibin jami'ar André Salifou ko mai neman aiki da ke rajista a shafuka goma a wata, ya hana hotuna, ya ɗauki duck.com don shafukan sanarwa da na kwas kyauta, adireshinsa na gaskiya ya bar wa dosiye. Ɗan kasuwar Dole mai hulɗa da masu kaya a waje shi hotuna ne sana'arsa ba zai iya hana su ba, kuma ko sun san ya buɗe ba wata asara ba ce, abin da ya dace da shi burawuza ta biyu don kada farashin da ya duba ya riƙa binsa. Wanda shago ɗaya ne ko biyu suka addabe shi, ya goge kukis ɗinsu ta Tous les sites sannan ya danna Se désabonner ɗin da Gmail ke sawa a saman saƙon kusa da sunan mai aikowa, tun 2024 Google ya wajabta wa masu tura saƙo sama da 5000 a rana su ba da wannan hanyar fita, ya fi danna na can ƙasan saƙon in ba ka yarda da mai aikowa ba. Ɗan jarida, lauya, ma'aikacin lafiya ko na ONG mai riƙe da bayanan mutane, shi Proton ya dace da shi ko da na kuɗi ne, ya rubuta kalmomin ceton a takarda ya adana a gida.

Mai zuwa siber ko mai aron kwamfutar biro kuwa, shi bin sawun talla ne ƙaramar damuwarsa, kukis ɗin da ya bari a can shi ne zai buɗe wa na bayansa akwatin imel ɗinsa gaba ɗaya. Ya buɗe shafin sirri da Ctrl da Maj da N tun kafin ya rubuta adireshinsa, in ya gama ya fita daga akawun ya rufe shafin. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki bai samu ya fita ba, ya shiga akawun ɗinsa na Google ta waya, wurin Sécurité, cikin jerin na'urorin da ke ciki ya fitar da kwamfutar daga can.